Yadda ake haɗa lemon malt a gida da tsiron dawa

Duk wadda ta taɓa dama kunun zaƙi ta riga ta yi rabin wannan aikin, ko da ba ta sani ba. Ranar da kika zuba markaɗaɗɗen ɗanyen dankali ko tsiron shinkafa a kan kunu mai kauri, kika rufe ya kwana, da safe kika tarar ya tsinke ya yi zaƙi ba tare da kin sa sukari ba, to abin da ya faru cikin robar nan shi ne yake faruwa cikin manyan tukwanen kamfanonin da ke yin Maltina da Malta Guinness. Hatsi idan ya tsira yana fitar da wani sinadari da ake kira amilas, aikinsa ya narka sitaci ya mai da shi sukari. Ilimin da kike buƙata ke nan gaba ɗaya. Sauran duk lura da zafi ne da tsafta.

Asalin malt, wato hatsin da aka tsirar aka busar, da sha'ir ake yin sa. Amma a 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, dole kamfanonin ƙasar nan suka koma ga dawarmu, kuma irin dawar da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar, irin su gajeriyar kaura SK5912, suka shiga kasuwar masu malt. Saboda haka ba wani baƙon abu za mu yi ba, dawar tuwo ce.

Bari in kawar da tambayar da kullum ake fara yi mini: wai wannan ba hanyar yin giya ba ce? E, matakan farko iri ɗaya ne da na masu dafa giyar sha'ir a Ingila da Amurka: tsirar da hatsi, jiƙa shi a ruwan zafi, tacewa, tafasawa. Inda muka rabu shi ne su suna zuba yisti su bar shi mako biyu, yistin ya cinye sukarin ya mai da shi barasa. Mu ba ma sa yisti, kuma ba ma barin na iska ya shiga. Ruwan hatsi ne mai zaƙi, babu abin maye a cikinsa muddin ba a bari ya lalace ba. Shi ya sa zan tsananta a kan maganar ajiya idan mun kai can.

Ki ware kwana tara zuwa goma daga jiƙa dawa zuwa kwalba. Idan don Sallah ko suna kike so, ki ƙirga baya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayan da za ki tanada, don samun kamar lita 8

Dawa kilo biyu da rabi. Ki auna da sikeli, domin mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Kaura ko farafara na fi so. Jar dawa tana ba da launi mai kyau amma tana da bauri, kuma baurin nan yana rage ƙarfin tsiron.

Ɗanyen dankalin Hausa, matsakaici guda biyu. Sukari giram 300 zuwa 400. Lemon tsami biyu ko ɗan jiƙaƙƙen tsamiya. Abin ɗaci kaɗan, za mu yi maganarsa a gaba.

Tukunya mai cin lita 15 ko fiye, da wata ƙarama. Bokiti biyu masu murfi, kwando, buhun algarara wankakke ko tsohon zanin atamfa, tabarma, faifai, muciya, ludayi, da ƙyallen tatar koko babba, wanda aka ɗinka kamar jaka ya fi. Bargo ko babbar kula. Kwalabe ko gorunan roba masu murfi mai kyau. Ƙaramar kwalbar aidin daga kemis.

Sai ma'aunin zafi na girki, mai dogon tsinke, wanda ke kaiwa digiri 100. Na san za a ce kakanninmu ba su da shi. Gaskiya ne, amma kakanninmu sun ɓata tukwane da yawa kafin hannunsu ya zama ma'auni. Idan abu ɗaya za ki saya a duk jerin nan, shi ne. Wanda ake sa wa yaro a hammata ba zai yi ba, iyakarsa digiri arba'in da 'yan kai.

1. Zaɓen dawa da gwada ta

Ki sayi dawar bana, wadda ba a surfa ba. Surfaffiyar dawa ba ta tsira, an riga an kashe idonta. Kada ki kuskura ki yi amfani da irin shuka wanda aka cuɗa da magani, wanda za ki ga launin ja ko ruwan hoda a jikinsa. Ki tambayi mai hatsi ko an sa wa buhun maganin ƙwari, ki kuma sunsuna da kanki.

Kafin ki jiƙa duka, ƙirga ƙwaya 100, ki jiƙa su dare ɗaya, ki naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle kwana uku. Idan 90 ko fiye suka fito da farin baki, dawar ta yi. Idan ba su kai 80 ba, ki yi tuwo da ita ki nemi wata. Ƙwayar da ba ta tsira ba ruɓewa take yi a tsakiyar 'yan'uwanta, ita ce ke jawo funfuna da warin nan mai kama da tsohon buhu.

2. Jiƙo

Ki tsince dawar, ki rege tsakuwa, ki wanke sau uku. Duk abin da ya taso saman ruwa ki kwashe ki ba kaji. Zuba ruwa mai tsabta ya sha kanta, ki bar ta awa takwas. Ki tsane a kwando awa biyu zuwa uku ta sha iska, sannan ki mayar da ita cikin sabon ruwa wata awa takwas. Sake tsanewa, sake jiƙawa karo na uku. Jimla kwana ɗaya da 'yan awoyi.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a zuba ruwa a manta da ita har kwana biyu kamar za a yi gasara. Ƙwayar hatsi abu ne mai rai, tana numfashi, idan ta daɗe a nutse sai ta shaƙe ta yi tsami. Alamar ta jiƙu: ki danna ƙwaya tsakanin farce biyu, ta lotsa ba tare da ta fashe da ƙara ba, kuma wasu sun fara nuna ɗan farin ɗigo a gindinsu.

3. Tsirarwa

Shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a ɗaki mai inuwa da iska, ki baza dawar kaurin yatsu uku a kwance, ki rufe da wani jiƙaƙƙen buhun ko zani. Safe da yamma ki buɗe, ki yayyafa ruwa da hannu, ki juya a hankali don kada saiwoyin su sarƙe su zama tabarma. Dawa tana son ruwa lokacin tsira fiye da sha'ir, amma danshi ake so, ba kwanciyar ruwa ba. Idan kin ɗebo da hannu ruwa na ɗiga, ya yi yawa.

Ki riƙa cusa hannu a tsakiya. Ɗumi kaɗan daidai ne. Idan kin ji zafi kamar jikin mai zazzaɓi, ki baza ta ta yi siriri. Tsakanin digiri 25 da 30 ta fi so. Shi ya sa ni na fi jin daɗin wannan aiki daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu. A tsakiyar sanyi takan ƙara kwana ɗaya ko biyu, a zafin Afrilu kuma funfuna tana rige ki, sai dai ki riƙa ɗauraye dawar gaba ɗaya a kwando sau ɗaya kullum.

Kwana huɗu zuwa biyar ya isa. Za ki ga fararen saiwoyi kamar zare, da tsiro mai tsini wanda ya kai tsawon gaɓar yatsa. Ƙanshinta kamar na ɗanyar ciyawa ko kokwamba, idan kin tauna ƙwaya za ki ji ta yi laushi da ɗan zaƙi-zaƙi, amma ki tofar. Kada ki jira ya zama kore, a lokacin tsiron ya fara cinye abin da kike nema.

Idan kin ga funfuna baƙa, koriya ko ruwan ɗorawa ta bazu, zubar da duka. Wankewa ba ta cire gubar funfuna, tafasawa ma ba ta cire ta. Asarar kilo biyu da rabi na dawa ta fi sauƙi.

4. Shanya da murje tsiro

Baza ta siriri a tabarma a rana, kwana biyu zuwa uku, kina juyawa, da dare ki shigar da ita ɗaki saboda raɓa. Kada ki gaggauta da wuta. Sinadarin da muka sha wahalar samarwa yana mutuwa idan zafi ya kama shi yana da danshi. Ta bushe idan kin ciji ƙwaya ta fashe ƙaras, cikinta fari kamar alli.

Yanzu ki saurare ni da kyau, wannan matakin ba na ado ba ne. Makiyaya sun san gyauron dawa yana kashe shanu da awaki. Gubar da ke cikin gyauron, wadda ke sakin sinadarin sayanayid, tana nan cikin ɗanyen tsiro da saiwoyin da kika tsirar. Ƙwayar kanta lafiya lau take, tsiron da saiwar ne matsala. Saboda haka ki zuba busasshiyar dawar a buhu, ki murje ta sosai da hannu ko ki tattaka a hankali, sannan ki sheƙe, ki bakace a faifai har sai babu sauran zare ko tsini. Ki yi sau biyu. Abin da kika bakace kada ki zuba wa awaki, kada yara su yi wasa da shi, ki binne ko ki watsa a wuta. Ɗan abin da ya saura tafasar da za mu yi a buɗe za ta kore shi.

Daga kilo biyu da rabi za ki tashi da kamar kilo biyu. Kada ki ce an yi miki sata, numfashin hatsin da saiwoyin ne suka tafi da sauran. Wannan shi ne malt. A busasshen bokiti mai murfi zai yi watanni, don haka ni yanzu nakan yi da yawa lokaci ɗaya in ajiye.

5. Suyar launi da ɓarza

Ɗebi giram 200 daga ciki ki soya a busasshen kasko da ƙaramar wuta, kina juyawa kamar suyar gyaɗa, har ya yi ruwan ƙasa, ƙanshi kamar na biskit ya cika kicin. Minti ashirin zuwa talatin. Idan ya yi baƙi ya fara hayaƙi, ɗaci zai yi, ki zubar ki sake. Wannan shi ke ba da ƙanshin malt ɗin da aka sani. Amma suya tana kashe sinadarin, shi ya sa kashi ɗaya cikin goma kawai ake soyawa.

Haɗa su ki ɓarza kamar tsakin dambu, ba gari ba. Turmi ya wadatar. Idan inji za ki kai, ki tsaya a kan mai injin, ki tabbatar ba barkono ko wake ya gama niƙawa ba, kuma ki ce ya sassauta. Gari mai laushi toshe ƙyallen tata yake yi, ki wuni kina matsa.

6. Jiƙon farko da ware ruwan tsiro

Nan ne dabarar duka take, don haka zan ɗan tsaya. Sitacin dawa ba ya buɗewa sai zafi ya haura digiri 70. Shi kuma sinadarin da zai narka shi, a wannan zafin yake fara mutuwa. Ga tsaka mai wuya: idan ba ki dafa ba sitacin ba zai saki ba, idan kin dafa kin kashe ma'aikacin. Masu sha'ir ba su da wannan damuwa, domin nasu sitacin yana buɗewa tun a digiri sittin da 'yan kai, tukunya ɗaya ta ishe su.

Karona na farko ban san haka ba. Na zuba komai a tukunya na hura wuta, na zauna ina jiran zaƙi. Abin da na samu kunu ne mai kauri, lami, mai warin ciyawa. Surukata ta leƙa tukunyar ta ce, "Kwana tara kina hidima, ashe koko za ki dama mana?" Akuya ce ta ci riba.

Mafita ita ce a raba su, a fitar da ma'aikacin waje, a dafa sitacin, sannan a mayar da shi. Ga yadda ake yi.

Haɗa tafasasshen ruwa lita 3 da ruwan randa lita 6 a bokiti. Zai ba ki kusan digiri 50 zuwa 52. Zuba ɓarzajjen malt ɗin kina juyawa kada ya yi gudaji, zafin zai sauka wajen 48. Rufe ki bar shi minti 40, kina juyawa duk bayan minti goma. Daga nan ki bar shi ya kwanta minti ashirin ba taɓawa. Ruwa mai ɗan duhu zai taso sama. Tsiyaye shi a hankali, ko ki ɗebe da kofi, kamar lita 4, ki zuba a bokiti mai tsabta ki rufe. Wannan ruwan shi ne jarinki. Kada ya ga wuta, kada ya zauna a rana.

Kada ki sa kanwa ko kaɗan, ko da kin saba sa ta a kunu. Sinadarin ya fi aiki a ruwa mai ɗan tsami-tsami, kanwa kuwa kashe tsami take yi.

7. Dafa tsakin

Juye abin da ya kwanta a babbar tukunya, ƙara ruwa lita 2, ki ɗora a wuta. Muciya kada ta bar hannunki, domin yana kama gindin tukunya da sauri, kuma ƙauri idan ya shiga ba ya fita. Zai fara kauri kamar talge, yana ɓal-ɓal. Rage wuta ki bar shi minti 20 zuwa 30. Idan ya yi kaurin da muciya ke tsayawa, ƙara ruwan zafi kofi biyu.

8. Mayar da ruwan tsiro

Sauke tukunyar, ki riƙa juyawa har zafin ya sauko digiri 75. Kafin nan ki fere dankalin ki goga shi ko ki markaɗa ɗanye. Sai ki zuba ruwan da kika ware gaba ɗaya kina juyawa da sauri, ki bi da dankalin. Ki auna: tsakanin 62 da 65 ake so. Idan ya gaza, ɗan ɗora a wuta kaɗan kina juyawa. Idan ya wuce, ƙara ruwan sanyi rabin kofi rabin kofi.

Dalilin dankalin: amilas iri biyu ne, ɗaya yana tsinka kauri, ɗaya yana kawo zaƙi. Tsiron dawa yana da na farkon da yawa, na biyun kaɗan. Ɗanyen dankali kuwa cike yake da na biyun. Masu kunun zaƙi sun gano wannan tun kafin a ba shi suna. Idan babu dankali, tsiron shinkafa ko na alkama cikin tafin hannu uku zai taimaka, sai ki ɓarza ki haɗa shi cikin ruwan da kika ware tun farko.

Abin da zai faru a minti biyar na farko, har yau ina jin daɗin kallonsa. Talgen da ke riƙe muciya sai ki ga ya saki, ya tsinke, ya koma ruwa a gaban idonki. Rufe tukunyar, ki naɗe ta da bargo ko ki juye a kula, ki bar ta awa ɗaya da rabi. A tsakiya ki buɗe sau ɗaya ki auna, idan ya sauka ƙasa da 58 ki ɗan ɗumama.

Wadda ba ta da ma'auni: ki jira har tururin ya ragu sosai, ki zuba ruwan tsiron, sannan ki gwada da yatsa mai tsabta. Idan za ki iya tsomawa ki ƙirga ɗaya, biyu kafin ki fizge, kina kusa. Idan za ki iya barinsa har goma, ya huce da yawa, kuma a wannan ɗumin tsami ne zai rigaye zaƙi. Canki-canki ne dai, na faɗa miki.

Gwajin aidin: ɗiga ruwan kaɗan, ba tsaki, a farin faranti, ya huce, ki sa ɗigon aidin ɗaya. Idan ya koma shuɗi mai duhu ko baƙi, da sauran sitaci, ƙara minti talatin. Idan ya tsaya ruwan ƙasa ko ja-ja, ya yi. Abin da kika gwada ki zubar, ki wanke farantin, aidin ba ya komawa tukunya. Idan bayan awa biyu da rabi har yanzu da ɗan shuɗi, ki ci gaba abinki. Lemon zai ɗan yi gurɓi-gurɓi, ba zai cutar ba. Barinsa ya wuce haka tsami zai jawo.

9. Tacewa da ɗauraya

Ɗaura ƙyallen a bakin bokiti ko ki shimfiɗa a kwando, ki juye a hankali. Lita ɗaya ta farko takan fito da gari, ki mayar da ita sama ta sake bi. Ki bar shi ya tsiyaye da kansa, kada ki murɗa da ƙarfi kamar tatar gasara. Dawa ba ta da ɓawo irin na sha'ir da zai buɗa wa ruwa hanya, don haka tana da nawa. Idan kina kusa da masu casar shinkafa, ƙaiƙayinta cikin tafi biyu, wankakke sosai da ruwan zafi, idan aka cuɗa a ciki kafin tata yana sauƙaƙa aikin ƙwarai.

Sannan haɗa tafasasshen ruwa lita 2 da na randa lita 1, wajen digiri 76 ke nan, ki riƙa zubawa a kan dusar da ludayi don wanke sauran zaƙin. Kada ki yi amfani da tafasasshe zalla, bauri yake fitarwa. Za ki tara lita 10 zuwa 11. Dusar ta dahu, ita kam a ba dabbobi, amma a ranar, domin kafin gobe ta yi tsami.

10. Tafasawa

Ɗora ruwan a wuta mai ƙarfi, tukunya a buɗe, awa ɗaya cur. Kada ki rufe, akwai warin dafaffiyar masara da sauran abin da muke so tururi ya tafi da su. Dab da zai tafasa kumfa takan taso lokaci ɗaya kamar madara. Ki tsaya a wurin da ludayi, ki rage wuta, ki kwashe kumfar.

Malt ɗin kanti yana da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe wanda ke hana zaƙin gundura. Daga furen wata shuka mai yaɗo ta ƙasashen sanyi yake, hof, wadda ba a nomawa a nan. Idan wani ya kawo miki, giram 8 ya isa, a sa tun farkon tafasa. Idan babu, namijin goro rabin ƙwaya a goge, ko wankakken ganyen shuwaka uku, a sa saura minti goma sha biyar. Ki fara da kaɗan, ɗaci ana ƙarawa amma ba a ragewa. Ni a gidana citta ɗan yanki da kanumfari huɗu nake sawa, yara sun fi so, ko da yake ya kauce daga ɗanɗanon na kanti.

Launi mai duhun nan kuwa, ki duba jikin gwangwani za ki ga an rubuta sukari da karamel. Ƙona sukari ne kawai. Zuba giram 150 a busasshiyar ƙaramar tukunya, ƙaramar wuta, kada ki juya da cokali, ki riƙa karkaɗa tukunyar har ya narke ya yi launin baƙin shayi. Sauke, ki zuba ludayi ɗaya na ruwan malt mai zafi kina nesa da fuskarki, domin yana tartsatsi kuma ƙunarsa mugu ce. Idan ya narke ki juye a babbar tukunya. Sauran sukarin ki ƙara da ɗanɗano, ki tuna abu mai sanyi zaƙinsa ya fi ɓuya. A ƙarshe ki matsa lemon tsamin. Ruwan zai koma kamar lita 8.

11. Hucewa da ɗurawa

Tun ana tafasa ki wanke kwalaben da sabulu, ki ɗauraye su da murafensu da tafasasshen ruwa, ki kife. Mazurari, ludayi, ƙyalle, duk abin da zai taɓa lemon daga yanzu sai ya bi ta ruwan zafi.

Rufe tukunyar, ki tsoma ta a baho mai ruwan sanyi da ƙanƙara, kina canza ruwan, ta huce cikin minti talatin zuwa arba'in. Kada ki bar ta ta kwana tana hucewa. Wani gari-gari zai kwanta a ƙasa, ki tsiyaye na sama ta cikin ƙyalle ki bar shi. Ɗura ki bar sararin yatsu biyu a wuya, ki rufe, sai firij nan take.

12. Ajiya

Ruwan nan abinci ne ga duk wata ƙwayar cuta da yistin da ke yawo a iska. Kamfani yana dafa kwalbar bayan rufewa da injinan da ba mu da su, shi ya sa nasa ke yin watanni a kan kanta. Namu kwana uku ne a firij, huɗu idan wuta ba ta yanke ba. A firiza, cikin gorar roba da ba a cika ba, zai yi wata guda ko fiye. Kwalba kada ta shiga firiza.

Kada ki taɓa rufe shi a kwalba ki ajiye a ɗaki, ko da kin ɗura shi da zafi. Na taɓa barin kwalabe shida a bayan ƙofa da aka yi kwana biyu ba wuta, ina cewa ai a rufe suke. Da tsakar dare na uku muka ji ƙara kamar an harba bindiga, maigida ya fito da taɓarya. Biyu sun fashe, bangon ya yi sati yana kiran tururuwa. Wannan ma da sauƙi, domin ya nuna kansa. Akwai ƙwayar cutar da ke girma a rufaffen abinci mara tsami sosai, tafasa ba ta kashe irinta, kuma gubarta ba lallai ta yi wari ba.

Idan kin buɗe gora ta yi tsit da iska, ko ta kumbura, ko kin ga ƙananan kumfa na tasowa, ko ƙanshin ya juya zuwa tsami, ya fara zama abin da ba mu nufa ba. Zubarwa ake yi, ba a ɗanɗana a ga ko da saura.

Masu son ya riƙa tsirtuwa a harshe kamar na gwangwani, kada wani ya ce ki sa ɗan yisti, hanyar giya ke nan kai tsaye. Ki tafasa rabon da kike so ya ƙone zuwa rabi, lokacin sha ki haɗa da ruwan soda mai sanyi, rabi da rabi.

Inda wuta ba ta zama, mafi alheri ki ci gaba da tafasawa da ƙaramar wuta, kina juyawa, har lita takwas ɗin ta ƙafe ta yi kaurin zuma, idan kin ɗiga a faranti ba ya gudu. Awoyi yake ci da gawayi mai yawa, kuma a rabin awa na ƙarshe ba a barin wurin. Wannan ya fi jure ajiya a busasshiyar kwalba a wuri mai sanyi, da busasshen cokali ake ɗiba, kuma da zarar funfuna ta fito a sama an gama da shi. Cokali uku a kofin ruwa ko madara, ko a ɗiga a kan masa.

Idan kuma Allah ya haɗa ki da tsiron sha'ir na sayarwa, wanda aka riga aka busar, ki tsallake mataki na 1 zuwa na 4 da na 6 zuwa na 8. Ɓarza kilo biyu, ki zuba a ruwa lita 6 mai digiri 72, zai sauka wajen 66, ki rufe da bargo awa ɗaya, ki yi gwajin aidin, ki tace, ki ɗauraye da lita 6 na ruwa mai digiri 76, sai ki ɗauka daga mataki na 10. Dankali ma ba sai kin sa ba.